Yaron da Aka Bari a Cikin Jirgi

Ranar 6 ga Disamba 1928, jirgin ƙasan da ya taso daga Niyok zai gangara Fulorida ya tsaya a tashar Trenton, sai aka shigo da takardar tangaraho ana cigiyar wani fasinja. Fasinjan marubuci ne ɗan shekara 29, Ernest Hemingway, lokacin sunansa ya fara tashi ke nan a Amurka. Kusa da shi ɗansa Jack ne zaune, wanda a gida ake kira Bumby, shekararsa 5, bai daɗe da isowa daga Faransa ba, inda yake zaune wurin mahaifiyarsa tun da auren iyayensa ya mutu. Ernest ya warware takarda. Daga gida take, maganar kuma gajeriya ce: mahaifinsu ya rasu.

Abin da ke aljihunsa ba zai kai shi Shikago ba. Ya aika wa abokinsa marubuci F. Scott Fitzgerald, shi kuma ya agaza masa da dala 100. Saura yaro. Ernest ya kira ma'aikacin da ke yi wa fasinjoji hidima a taragon, ya damƙa masa amanar ɗansa, ya sauka a Filadelfiya ya nemi jirgin da zai yi yamma. Jirgin kudu ya ci gaba da Bumby shi kaɗai a cikin baƙin fuskoki, tafiyar fiye da mil 1,000, har Key West inda matar ubansa take.

An sha ba da labarin gidan Hemingway, kuma kusan kullum da manya ake yinsa: wane ya mutu a shekara kaza, wance ta bi shi a shekara kaza, sai a rufe da cewa la'ana ce ta bi zuri'ar. Ni duk lokacin da na bi labarin nan, yaran nake gani. Kowace mutuwa a gidan akwai wani yaro a kusa da ita, ko a ɗaki na gaba, ko a cikin jirgi, ko ma a cikin ciki, kuma da wuya ka ji inda wani babba ya zaunar da shi ya yi masa bayani.

Mamacin, Dakta Clarence Hemingway, likita ne a Oak Park da ke gefen Shikago, shekararsa 57. Mutum ne mai tsananin riƙo da addinin Kirista. Giya ba ta taɓa zama abincinsa ba, taba ma ba ya sha, rawa da karta kuwa zunubi ya ɗauke su. Garin nasu ma a zamanin ba a yarda a buɗe mashaya a cikinsa ba. Shi ya koya wa Ernest harbi da kamun kifi a dazuzzukan Michigan. Amma tun 'ya'yansa suna ƙanana sun san uba biyu a jiki ɗaya. Yau yana ta raha, gobe fuska a murtuke, ƙaramin laifi sai bulala, sannan a sa yaro ya durƙusa ya roƙi gafarar Allah. A shekarunsa na ƙarshe ciwon suga ya kama shi, zuciya ta fara ciwo, kuɗin da ya zuba a filaye a Fulorida kuma suka maƙale da kasuwar filayen ta rushe. Ran nan ya dawo gida da rana, ya ƙona wasu takardu, ya hau bene ya rufe ƙofa.

A gidan akwai autansu Leicester, ɗan shekara 13, mura ta hana shi zuwa makaranta yana kwance. Shi ya ji ƙarar harbin. Shi ya tura ƙofar ɗakin.

Masu tarihin Ernest sun ce ya riga ya rubuto wa uban wasiƙa cewa kada ya damu da maganar kuɗi, wasiƙar kuma ta iso gidan a ranar, ba a kai ga buɗe ta ba. Da Ernest ya iso Oak Park ya karɓi ragamar gida a matsayin babban ɗa namiji. Leicester ya ba da labari a littafin da ya rubuta kan wansa cewa Ernest ya ja shi gefe ya gargaɗe shi: ba a son kuka a wurin jana'iza, a yi ta addu'a kawai. Iyakar ta'aziyyar da aka yi wa yaron da ya ga abin da ya gani ke nan, daga bakin wan da yake kallo kamar gwarzo.

Bindigar da Clarence ya yi amfani da ita ta mahaifinsa ce, Anson, tsohon sojan yaƙin basasar Amurka. Ernest ya ce a ba shi ita. Bayan 'yan watanni mahaifiyarsu Grace ta ɗaure kaya ta aika masa Key West: wasu zane-zanen da ta yi da hannunta, da kek na cakulan, da bindigar. Kayan suka jima ba a kwance ba, har kek ɗin ya yi funfuna. Wasu na kawo wannan a matsayin shaidar rashin imanin uwar, suna mantawa da cewa ɗan ne ya roƙa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne babu wanda ya ga aibun abin a cikinsu. Kayan gado ne, an miƙa wa magaji.

Ernest bai taɓa yafe wa mahaifiyarsa ba. Ya ɗora mata alhakin mutuwar, ya ce ita ta danne uban har ta ƙarar da shi. Ya ware mata kuɗin da za ta rayu da su daga cinikin littafinsa A Farewell to Arms, amma da ta rasu a 1951 bai je jana'izarta ba. Uban kuma, a zuciyarsa, ragwanta ya yi. A littafinsa For Whom the Bell Tolls na 1940, jarumin labarin yana da uba da ya kashe kansa da bindigar kaka ta yaƙin basasa, kuma jarumin ya ɗauki bindigar ya hau da ita wani tafki mai zurfi a kan duwatsu ya sake ta a ruwa. A takarda dai ya samu ya rabu da ita. A baki kuwa, tun a makonnin makoki an ruwaito yana cewa mai yiwuwa shi ma ta wannan hanya zai tafi, kuma ya yi ta maimaita irin wannan magana shekara da shekaru, abokai suna ɗaukarta barkwancin mashaya.

Giya ta hannun Ernest ta shigo gidan. A Yulin 1918, bai cika 19 ba, yana aikin agaji da Red Cross a fagen daga a Italiya, bam ya tashi kusa da shi ya zuba masa ɓaraguzan ƙarfe fiye da 200 a ƙafafu. A asibitin Milan inda ya yi jinya, masu jinya suka tarar da kabad ɗinsa cike da kwalaben barasa da ya shanye. Daga nan ba ta sake shi ba. A wani ɓangare na zamanin da Amurka ta haramta giya, shi yana Faris inda take araha. Ya zauna Key West, ya koma Kuba ya yi shekara 20 a gidansa na bayan garin Havana, ko'ina kuma akwai mashayar da aka san kujerarsa. Yana da ƙa'ida, yana kuma alfahari da ita: da asuba yake tashi ya yi rubutu a tsaye, ba ya haɗa aiki da sha. Irin wannan ƙa'ida ce take ruɗin mashayi mai hazaƙa. Tunda aiki yana fita, littattafai suna sayuwa, wa zai ce masa yana da ciwo? Duniya ma ta taya shi. Aka mai da shansa wani ɓangare na jarumtakarsa, tare da farautar zaki da kallon wasan bijimai a Sifen. Har yau a mashayar El Floridita ta Havana akwai mutum-mutuminsa na tagulla ya jingina da kanta, masu yawon buɗe ido suna ɗaukar hoto da shi riƙe da kofi.

Kansa kuma ya sha duka. Tagar rufin ɗaki ta faɗo masa a ka a Faris a 1928. Ya yi haɗarin mota a Landan a 1944. Sannan a Janairun 1954, a Yuganda, ƙaramin jirgin saman da ya ɗauko shi da matarsa Mary ya faɗi kusa da magangarar ruwan Murchison. Suka kwana a daji. Washegari jirgin da ya zo kwashe su ya kama da wuta wajen tashi a Butiaba, ƙofa ta ƙi buɗuwa, Ernest ya yi ta tunkuyinta da ka har ta ɓalle. Ya fito da rauni a ƙoƙon kai, da hanta, da ƙoda, da ƙashin baya. Jaridun duniya sun riga sun buga cewa ya mutu, ya zauna yana karanta ta'aziyyar kansa. A Oktoban shekarar aka ba shi kyautar Nobel, shekara biyu bayan fitowar The Old Man and the Sea, amma jiki bai bar shi ya je Sitokholm karɓa ba. Maganin zafin ciwon da ya fi yarda da shi kuwa an san shi. Likitoci suka yi ta gargaɗi kan hanta da hawan jini, yakan rage na ɗan lokaci, ya koma.

Da ya bar Kuba a 1960 ya tare a Ketchum, wani ƙaramin gari a tsakanin duwatsun jihar Idaho, mutumin ya riga ya zama wani. Ya rame. Yana tsoron talauci alhali yana da kuɗi, kamar dai ubansa. Yana cewa jami'an FBI na bibiyarsa, suna sauraron wayarsa. Abokai suka ce ruɗu ne. Bayan shekara 20 da wani abu aka buɗe takardun hukumar aka ga lallai tana da fayil a kansa tun shekarun 1940. Wannan bai kore ciwon ba, don mutum na iya zama marar lafiya kuma ana bibiyarsa. A ƙarshen 1960 aka kwantar da shi a asibitin Mayo da ke Minnesota, amma da sunan likitansa George Saviers aka rubuta shi, aka kuma ce wa jama'a hawan jini ake dubawa. Ba a so a ji cewa Hemingway ya ga likitan ƙwaƙwalwa. Aka yi masa maganin jona lantarki a ka sau da dama, ya fito yana kukan cewa an goge masa tunani, jarinsa ke nan. Farkon 1961 aka roƙe shi ya rubuta 'yan kalmomi na girmamawa ga sabon shugaban ƙasa John Kennedy. Mutumin da ya canza yadda ake rubuta Turanci ya wuni a kan takarda, jimla ta ƙi zuwa, har ya yi hawaye a gaban likitansa.

A Afrilu Mary ta same shi riƙe da bindiga. Aka mai da shi Mayo. Ƙarshen Yuni ya shawo kan likitoci cewa ya warke, suka sallame shi. Mary ta kulle bindigogin gidan a ɗakin ƙasa, amma mabuɗan suna nan a kan tagar kicin inda kowa ya san ana ajiye su. Da sassafe ranar Lahadi 2 ga Yuli 1961, saura kwana 19 ya cika 62, ya sauko shi kaɗai.

Mary ta gaya wa 'yan jarida cewa tsautsayi ne, yana goge bindiga ta tashi. Aka yi masa jana'izar Katolika. Sai da aka shekara biyar kafin ta amsa a fili cewa kansa ya kashe. Ban ga laifinta sosai ba. Mace ce da ta tashi daga barci ta tarar da abin da ba a so ido ya gani, kuma rufin asirin mamaci abu ne da kowace al'umma ta sani. Sai dai rufin asirin nan yana da masu biyan kuɗinsa, kuma ba su ne suka yanke shawarar ba. A ranar, matar Jack, wato yaron jirgin nan da yanzu ya zama magidanci, tana ɗauke da ciki. A Nuwamba ta haifi 'ya mace, aka sa mata Mariel, sunan wata tashar jiragen ruwa a Kuba inda ubanta da kakanta suke zuwa kamun kifi.

Kafin a zo kanta, 'yan'uwan Ernest biyu sun bi sahunsa. Ursula, ƙanwar da ya fi so, tana zaune a Hawai, ciwon daji da ciwon damuwa suka haɗu mata, ta kashe kanta a 1966. Leicester ya daɗe. Ya yi aikin jarida, ya yi rubuce-rubuce, kullum a inuwar wansa. Mutum ne mai abin dariya: a 1964 ya ɗaure wani dandamalin gora a teku kusa da Jamaika ya ce ya kafa sabuwar ƙasa mai suna New Atlantis, har da buga mata kan sarki, kafin guguwa ta yi gaba da ƙasar. A 1982, yana da shekara 67, ciwon suga irin na ubansa ya ci ƙarfinsa, an yi masa aiki sau da dama, ana maganar yanke ƙafa. Ya harbe kansa a gidansa na Miami Beach, shekara 54 bayan ranar da ya tura ƙofar ɗakin nan. Cikin 'ya'ya shida na Clarence da Grace, uku ke nan.

Jack kuwa ta ɓangare biyu abin ya same shi, don mahaifin mahaifiyarsa Hadley ma kansa ya kashe tun tana yarinya, shi ma a kan rikicin kuɗi. Kakanninsa maza biyu da ubansa. Duk da haka wanda ya gan shi zai ce ya tsira. Kyakkyawa ne, mai fara'a. A yaƙin duniya na biyu ya diro da laima a Faransa da Jamusawa suka mamaye, ɗauke da sandar fatsarsa, aka harbe shi aka kama shi fursuna, ya dawo da rai. Ya kwashe iyalinsa ya koma Ketchum, garin da ubansa ya mutu, ya ba da rayuwarsa ga koguna da kare kifayen Idaho. Da safe ya ɗauki fatsa ya fita, can cikin ruwa babu mai yi masa tambaya.

Abin da ke faruwa da yamma, 'yarsa Mariel ce ta faɗa bayan shekaru masu yawa. Matarsa Byra, wadda ake kira Puck, mijinta na fari matuƙin jirgin yaƙi ne da aka kashe a yaƙin, kuma 'yar ta ce uwar ba ta taɓa fita daga wannan rashi ba. Kullum wajen ƙarfe biyar akwai abin da gidan suke kira lokacin giya. Puck ta hau kan kantar kicin ta zauna ta miƙe ƙafafu, a buɗe kwalbar giyar inabi ana girki. Kofin farko hira ce da dariya. Kafin a kai ƙarshen kwalba ta biyu murya ta canza, tsofaffin laifuffuka sun taso, wani lokaci a yi jifa da kwalba ta fashe a bango, wani ya yanke. Sai kowa ya shige ɗaki. Cikin dare ƙaramar yarinyar, Mariel, takan sauko ta share gilasan, ta goge jini da giyar da ta zube, ta mai da komai wurinsa, don in gari ya waye a ga kamar ba a yi ba. Ba wanda ya sa ta. Ba wanda ya ce mata sannu kuma, tunda yin sannu amsa cewa an yi ne. Tana shekara 11 uwar ta kamu da ciwon daji, jinya ta dawo kanta. Sunan kakansu yana kan makarantar firamaren garin, amma a gida ba a zancen yadda ya mutu, littattafansa ma ba a cika karantawa ba. Mariel ta kuma yi wani zargi mai nauyi bayan rasuwar ubanta, cewa in ya bugu yakan shiga ɗakin yayyenta mata da dare, kuma tana jin shi kansa ba ya tunawa da safe.

Yayyen biyu ne. Babbar, Joan, ta yi fama da taɓin ƙwaƙwalwa tun tana budurwa, ta yi ta shiga asibiti tana fita. Ta tsakiyar ita ce Margot, wadda aka haifa a 1954. Da ta ji cewa sunanta daga wata giyar inabi ta Faransa aka samo shi, Château Margaux, wadda iyayenta suka sha a daren da aka samu cikinta, sai ta mai da rubutun sunan ya zama Margaux, daidai da na jikin kwalbar. Doguwa ce, ƙafa shida, mai kyan da ke tsayar da mutane a titi. Tana shekara 21, a 1975, kamfanin Fabergé ya ba ta kwangilar dala miliyan 1 don tallar turaren Babe, kuɗin da ba a taɓa ba wata mai talla ba kafin ita, mujallar Time kuma ta sa hotonta a bango. Ba a san tana da farfaɗiya tun tana ƙarama ba, karatu kuma yana yi mata wuya saboda haruffa na rikice mata, har littattafan kakan da ake ta tambayarta a kansu ba ta iya karantawa cikin sauƙi. A gidan rawa na Studio 54 a Niyok, cikin taurarin da take jin ba ta kai su ba, giya ce take ba ta bakin magana. Daga baya ta faɗa da bakinta cewa a zamanin kakanta iya shan giya da yawa ba tare da an gani a jikinka ba abin yabo ne, ita kuma so take ta yi rayuwa irin tasa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, in ji masu magana, kuma da yabo ake faɗinsa. Margaux ma yabo ta ɗauke shi.

A 1976 aka ba ta babban matsayi a fim ɗin Lipstick, ta kawo ƙanwarta Mariel mai shekara 14 ta fito a matsayin ƙanwarta. Masu sharhi suka yi wa Margaux kaca-kaca, suka yaba wa yarinyar. Bayan shekara uku Mariel ta fito a fim ɗin Manhattan har aka sa sunanta cikin masu neman kyautar Oscar. Tsakanin 'yan'uwan ya yi tsami, bai kuma gyaru sosai ba har ƙarshe. Mariel ta ce ita a lokacin kallon yayarta take a matsayin duk abin da take gudun zama. Aure biyu na Margaux suka mutu, ta ji rauni a wasan zamiya kan ƙanƙara ta yi ƙiba, aiki ya ja baya, bashi ya taru. A 1987 ta kai kanta cibiyar Betty Ford ta masu son rabuwa da shaye-shaye, ta fito ta yi magana a fili kan giya da ciwon cin abinci da amayarwa da take fama da shi. Ta yi ƙoƙari, wannan ba a ƙwace mata ba. Ranar 1 ga Yuli 1996 aka tsinci gawarta a ɗan ƙaramin ɗakinta a Santa Monica ta Kalifoniya, tana da shekara 42, ana gobe kakanta zai cika shekara 35 da mutuwa. Likitan binciken gawa ya ce magani ta sha fiye da kima da gangan.

Iyalin suka ƙi yarda. Suka ce farfaɗiyarta ce, ko kuskure. Maganar Mary ta 1961 ta dawo da wasu kalmomi. Mariel kanta sai a 2005, a wata hira ta talabijin, ta ce yanzu ta karɓi gaskiyar.

To jini ne ko tarbiyya? Masana sun daɗe a kan wannan tambaya. Wani likitan ƙwaƙwalwa Ba'amurke, Donald Goodwin, ya bi sawun yara maza a Denmark waɗanda aka raba da iyayensu tun suna jarirai aka ba wasu riƙo. A sakamakon da ya fitar a 1973, cikin waɗanda mahaifinsu ko mahaifiyarsu ta jini mashaya ne, kusan 1 cikin 5 ya zama mashayi, ko da bai taɓa zama da su ba; cikin sauran kuwa kusan 1 cikin 20. Goodwin ɗin nan ya rubuta littafi kan giya da marubuta, Hemingway na ciki. Lissafin yana nuna jini na da hannu, yana kuma nuna 4 cikin 5 ba su faɗa ba. A kan Ernest kansa likitoci sun kawo ciwon da ke kai mutum sama ya dawo da shi ƙasa, wanda alamunsa suka bayyana a uba da ɗa da jikoki. Sun kawo dukan da kansa ya sha. Wasu sun kawo wani ciwon gado da ke tara sinadarin ƙarfe a jiki ya lalata hanta ya jawo suga. Kowanne a cikinsu ciwo ne mai suna, kuma yawancinsu yau ana maganinsu ko a sassauta su. Shi ya sa kalmar la'ana ba ta yi mini ba. Tana da daɗin faɗi a kanun jarida, amma wanda aka ce masa an la'anci gidansu ba zai je asibiti ba, zama zai yi yana jiran layi ya zo kansa. Kuma kalmar tana share waɗanda ba su bi layin ba. Ƙannen Ernest mata biyu, Sunny da Carol, sun haura 90. Ɗansa na biyu Patrick, wanda aka haifa a shekarar da Clarence ya mutu, ya yi shekaru a Tanzaniya yana koyar da masu kula da namun daji, shi ma ya haura 90. Autansa Gregory bai samu wannan sa'a ba: ya zama likita kamar kakansa, giya da ciwon ƙwaƙwalwa suka raba shi da lasisin aiki, ya mutu da ciwon zuciya a tsare a Miami a 2001. Jack ya riga shi da shekara ɗaya, bayan aikin zuciya.

Mariel ta ce ta yi shekaru tana gudu. Ba ta sha, amma ta mai da tsoron kan abinci da motsa jiki da bin malaman tsibbu iri-iri na zamani, tana auna kowace loma, wai kada hauka ta cim mata. Yarinyar da ke share gilasai ce dai ta girma. Abin da ya canza shi ne ta haifi 'ya'ya mata biyu, Dree da Langley, suka kai shekarun da Margaux ta fara rushewa. A 2013 ta yarda aka yi fim na gaskiya a kan gidansu, Running from Crazy, wanda Barbara Kopple ta shirya. A ciki akwai tsofaffin hotunan bidiyo da Margaux ta ɗauka a shekarun 1980 lokacin da take ƙoƙarin yin nata fim ɗin kan kakansu: ga Puck zaune a kan kantar kicin kamar yadda aka faɗa, ga Jack yana kauce wa tambayoyin 'yarsa. Mariel ta ƙirga mutum bakwai a danginta da suka kashe kansu, ta faɗi adadin a gaban kyamara, ta faɗe shi a gaban taron masu yaƙi da kisan kai, 'yarta Langley na wurin tana ji. A 2015 ta rubuta labarin sau biyu, ɗaya na manya, ɗaya kuma, Invisible Girl, da muryar yarinya don yara masu irin gidansu.

Maƙabartar Ketchum ƙarama ce, a bakin hanya. Kabarin Ernest shimfiɗaɗɗen dutse ne a ƙarƙashin dogayen itatuwa, Mary na gefensa, Jack ma yana nan kusa. Masu ziyara suna zuwa daga ko'ina a duniya, kuma sun saba barin tsaraba a kan dutsen: sulalla, alƙaluma, 'yan wasiƙu, da kwalaben giya, wasu a cike wasu an sha rabi. Taku kaɗan daga wurin da ake jera kwalaben, akwai wani dutsen mai ɗauke da sunan Margaux.